Inbata ta farko: me ya sa mosfet ke ƙonewa, kuma wat nawa batirin bolt 12 zai bayar?

Tambayar da aka turo ita ce: "Malam, sabon shiga ne ni a haɗa kayan lantarki. Na samu zanen inbata da aka rubuta wat 500 a kansa: aisi CD4047 guda ɗaya, mosfet IRFZ44N guda biyu, da taransifoma 12-0-12. Na haɗa da ƙaramin batir mai bolt 12, 7Ah, da taransifomar da na ciro daga tsohuwar rediyo. Ƙaramin ƙwai ya kama, amma mosfet ɗin suna ɗaukar zafi, har ɗaya ya fashe. Ina kuskurena? Za ta iya ɗaukar fanka da firji? Kuma awa nawa batirin zai yi?"

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Tunda har ƙwai ya kama, aikinka bai tashi a banza ba, kuma zanen da ka bi ba ƙarya ba ne gaba ɗayansa. Ƙaryar tana wurin lambar 500 ɗin da aka rubuta a samansa. Daga nan zan fara, don idan ka fahimci wannan lissafin sauran tambayoyinka za su warware kansu.

Inbata ba ta haifar wuta, juya ta kawai take yi daga irin ta batir zuwa irin ta layi. Duk abin da ya fita ta gefen bolt 230, daga batir ya taso, kuma sai an ci wani abu a hanya. Wat shi ne bolt sau amfiya. Inbata irin taka, idan an haɗa ta da kyau, tana mayar da kamar kashi 80 cikin 100 na abin da ta ja, sauran ya tafi a zafi. To ka ce kana son wat 100 a waje: dole batir ya ba da wat 125, ka raba da 12, ka samu amfiya 10 da ɗoriya. Wat 500 kuwa yana nufin wat 625 daga batir, wato amfiya 52. Ka tsaya ka dubi wannan lambar da kyau. Amfiya 52 na bukatar waya mai kauri irin wadda ake ɗaura wa batirin mota, da taransifomar da sai ka sa hannu biyu za ka ɗaga ta, da batirin da ya ninka naka sau goma ko fiye. Masu koyo suna zuba ido a kan bolt 230 saboda shi ne abin alfahari, amma wahalar inbata duk tana gefen bolt 12, inda amfiya ke da yawa. Waya, fis, dalma, mosfet, naɗin taransifoma, kowanne da wannan amfiyar ake auna shi.

Yanzu ɗauko taransifomarka ka karanta abin da ke jikinta. Irin ta rediyo yawanci 500mA ce, wato rabin amfiya, ko amfiya 1. Ka ninka da 12, za ka ga wat 6 ne zuwa 12. Iyakar inbatarka ke nan, ko da ka jera mosfet ashirin. Taransifoma ce ke yanke hukuncin ƙarfin wannan zane. Idan ka sayi mai amfiya 5, ka ƙirga mata wat 60 ka huta; tana iya ba da fiye da haka kaɗan, amma masu ƙera su ba su da daidaito wajen rubuta lamba, don haka ni da ƙaramin lissafi nake aiki. Nauyinta ma shaida ne. Wadda aka rubuta mata amfiya 10 amma ka ji ta sakayau a tafin hannu, kada ka yarda da rubutun.

Me ya sa ma sai an yi wannan zagaye? Taransifoma ba ta jin wutar da ke tsaye cik, irin ta batir. Abin da Michael Faraday ya gano a 1831 shi ne sai maganaɗisu yana canzawa kafin ya haifar da wuta a wani naɗin waya. Saboda haka aikin aisi (ɗan ƙaramin abin da ke ba da umarnin bugu) da mosfet (makunnin lantarki mai ƙafa uku: G, D da S) shi ne kaɗa wutar batir, ta bi nan ta dawo ta bi can. Wayar tsakiya ta taransifoma, wadda aka rubuta 0, tana tafiya fozitib na batir. Sauran biyun kowacce tana tafiya ƙafar D ta mosfet ɗaya, ƙafafun S kuma su sauka negatib. Mosfet na farko ya buɗe, wuta ta bi rabin naɗi ta wannan fuska. Ya rufe, na biyu ya buɗe, ta bi ɗaya rabin ta kishiyar fuska. Kamar mutum biyu ne da zarto, wannan ya ja wancan ya saki. Sau 50 a daƙiƙa ake wannan kai-komo a galibin ƙasashen da ke amfani da bolt 220 zuwa 240, irin su Turai da Afirka da galibin Asiya; a Amurka sau 60 ne da bolt 120.

CD4047 zaɓi ne mai kyau ga mai farawa, kuma ga dalilin. A cikinsa akwai sashen da ke raba bugu biyu, shi ya sa ƙafa ta 10 da ta 11 suke samun lokaci daidai wa daida, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. Sanannen aisin nan 555, wanda Hans Camenzind ya tsara wa kamfanin Signetics ya fito kasuwa a 1972, a haɗinsa na yau da kullum ba ya raba lokaci daidai, kuma taransifoma ba ta son a fifita gefe ɗaya. A CD4047 kafasita tana tsakanin ƙafa ta 1 da ta 3, rizista tsakanin ta 2 da ta 3. Ƙafa ta 4, 5, 6 da 14 su tafi fozitib. Ta 7, 8, 9 da 12 su tafi negatib. Yawan bugu shi ne 1 a raba da 4.4 sau rizista sau kafasita. Da kafasita 100nF, kana bukatar rizista kamar 45k, wato om 45,000, don samun 50Hz, wato bugu 50 a daƙiƙa. Ka haɗa 39k da rizista mai juyawa ta 10k a jere, sai ka riƙa murɗawa kana kallon mita. Kafasitar ta zama irin ta leda, ba ƙaramar mai kama da ƙwayar magani ba, don wannan lambarta na yawo idan ta ji zafi.

Sai mu zo kan mosfet ɗin da ya fashe, inda nake son ka ba ni hankalinka sosai.

IRFZ44N na asali yana jure bolt 55, kuma idan ya buɗe sosai tsayayyarsa ba ta wuce 0.0175 na om. Ka tura masa amfiya 10, zafin da zai haifar wat 1.75 ne, kuma rabin lokaci kawai yake aiki, don haka a ƙasa da wat 1 yake. Wannan ɗumi ne kawai, ƙaramin ƙarfen shan zafi ya ishe shi. Kai kuwa ƙaramin ƙwai ka kunna, wanda bai kai amfiya 1 ba daga batir. Ruwa ba ya tsami banza: idan mosfet ya ƙone da irin wannan ɗan kaya, ba nauyin kaya ne ya kashe shi ba, wani abu ne a cikin haɗin.

Wanda na fi zargi shi ne cikar ƙarfen taransifoma. Ƙarfen da ke tsakiyarta yana da iyakar maganaɗisun da zai iya ɗauka, kamar soso da ruwa. Muddin bai cika ba, naɗin waya yana tare wuta, ɗan kaɗan ke wucewa. Da zarar ya cika, naɗin ya koma guntuwar wayar jan ƙarfe kawai, amfiya ta yi tsalle, mosfet ya sha duka. Abin da ke cika shi shi ne bolt sau tsawon lokacin da aka bar shi a gefe ɗaya. Kenan idan bugunka ya yi ƙasa, misali ka sa kafasitar da ba ita ba har ya sauka 25Hz, kowane gefe yana daɗewa ninki biyu, ƙarfen ya cika tun kafin a juya. Akwai kuma abin da zanuka da yawa ba sa faɗa: wuta mai kusurwa irin taka, wato mai tsalle kai tsaye daga sama zuwa ƙasa, tana loda wa ƙarfen kashi 11 cikin 100 fiye da lallausar wutar layi mai bolt daidai da nata. Taransifomar da aka ƙera a kan gaɓa, don tsimin ƙarfe da waya, wannan ɗan ƙarin ya isa ya tura ta. Shi ya sa nake ɗaga bugu zuwa 53 ko 55Hz a ƙaramar inbatar gwaji. Ƙwai da caja ba ruwansu da wannan bambanci, taransifoma kuwa tana samun sarari. Kuma shi ya sa ba na goyon bayan shawarar da za ka ji ana bayarwa, wai a sa 9-0-9 don bolt ya ƙaru. Zai ƙaru, gaskiya ne, amma ka ɗora bolt 12 mai kusurwa a naɗin da aka yi don bolt 9, ka wuce ƙa'idarsa da kusan rabi. Za ka ji tana gurnani, tana zafi, tana shan batir ba tare da an kunna komai ba. Wannan dabarar tana yiwuwa ne kawai idan aisin yana barin hutu mai tsawo tsakanin bugu da bugu, CD4047 kuwa ba ya yi.

Rashin hutun nan shi kansa matsala ce ta biyu. A daidai lokacin da ɗaya ke rufewa ɗayan ke buɗewa, kuma CD4047 ba shi da ƙarfin tura ƙofar mosfet da sauri. Na ɗan ƙyaftawar ido duka biyun suna buɗe, maganaɗisun rabin nan ya soke na rabin can, batir ya ga kamar an haɗa masa kai da kai. A 50Hz wannan ɗan lokaci ne ƙwarai, ƙaramar inbata tana jurewa, amma idan ka bi zanen da ya sa rizista mai girma a ƙafar G, wato ƙofar, irin 1k ko fiye, ka ja lokacin ya yi tsawo. Ka sa tsakanin om 47 da 100. Sannan kowane mosfet ka ɗaura masa 10k daga G zuwa S. Ƙafar G tana riƙe caji kamar ƙaramar kafasita. Idan wayarta ta kwance ko aisi bai tashi ba, za ta iya tsayawa rabi a buɗe, mosfet rabi a buɗe kuwa murhu ne. Haka ma idan bolt ɗin da ke isa G bai kai ba. Yana fara buɗewa daga bolt 2 zuwa 4, amma sai wajen bolt 10 yake buɗewa sosai. Batirin da ya sauka, ko siririyar wayar da ta cinye bolt biyu a hanya, suna kai shi wannan hali.

Na uku shi ne harbin da taransifoma ke yi. Duk lokacin da mosfet ya rufe, ƙafarsa ta D tana ganin ninki biyu na batir, wato bolt 24 zuwa 26, don ɗaya rabin naɗin yana ɗora nasa a kai. Bayan wannan akwai wani siririn tsalle da ke biyo baya daga maganaɗisun da bai samu hanyar tsallakawa ba, kuma yana iya wuce bolt 55 cikin sauƙi, musamman idan wayoyinka dogaye ne sun yi ta lanƙwasa. Mita ba ta ganinsa. Maganinsa gajerun wayoyi masu kauri, da kafasita babba, 2200 zuwa 4700µF mai bolt 25 ko 35, a daidai gindin wayar tsakiya zuwa negatib, da dayod mai danne tsalle, irin TVS ta wajen bolt 33 zuwa 36, tsakanin D da S na kowane mosfet. Aisin ma ka kare shi: wutarsa ta bi ta rizistar om 100, da dayod mai tsayar da bolt, wato zena, ta bolt 12 da kafasita 100µF da 100nF a kusa da ƙafarsa ta 14. Idan tsallen nan ya shiga cikinsa yana ruɗa ƙirgensa.

Akwai kuskure guda da na ga ya cinye wa ɗalibai kaya fiye da kowanne. Ƙarfen bayan IRFZ44N, mai ramin kusa, a haɗe yake da ƙafar D. Wani yaro da nake koya wa ya ɗaure guda biyu a kan falle ɗaya na alminiyam, ya goge, ya shafa man zafi, aiki tsaf gwanin sha'awa. Yana taɓa waya a batir sai tartsatsi, fis ya tsinke. Ya canza fis, ya sake tsinkewa. Da na ɗora mita tsakanin D ɗin nan da D ɗin can sai ta yi ƙara: alminiyam ɗin ya haɗe bakin naɗin biyu wuri ɗaya. Ko dai kowanne ya samu ƙarfensa daban, ko ka sa ledar raba wuta a bayansa da zoben roba a kusar. Duba naka kafin komai. Kuma idan duk ka gyara waɗannan bai daina zafi ba, ka yi zargin mosfet ɗin jabu ne. Suna da yawa, rubutu ɗaya da na asali amma abin da ke ciki ƙarami ne. Idan ɗaya ya mutu ka canza duka biyun tare da aisin, don sau da yawa wanda ya fashe yana tura bolt ta ƙafar G ya lalata na bayansa.

Wasu tsofaffin zanuka suna amfani da tiransisto 2N3055. Yana aiki, amma a amfiya 10 yana cinye bolt 1 ko fiye a jikinsa, wat goma ke nan na zafi, kuma shi ma sai an ciyar da shi amfiya mai yawa kafin ya buɗe. Ka tsaya a kan mosfet. Idan kana son mai sanyi fiye da naka, IRF3205 ƙafafunsu iri ɗaya ne, tsayayyarsa kuwa 0.008 ce.

Ga yadda nake so ka sake tayar da ita, kuma kada ka tsallake mataki. Cire taransifoma gaba ɗaya tukuna. Ba wa aisin wuta shi kaɗai, ka auna ƙafa ta 10 da ta 11 da mita a ma'aunin DC, wato wutar da ke tsaye cik irin ta batir: kowacce ta nuna rabin batir, wajen bolt 6. Idan ɗaya ta nuna 12 ɗaya 0, ba ya bugawa, kuma da ka haɗa taransifoma a haka da mosfet ɗaya ya tsaya a buɗe har ya mutu. Idan mitarka na auna Hz, daidaita bugun a nan. Bayan haka ka mayar da taransifoma, amma ka sa ƙwan mota na bolt 12, wat 21, a jere a kan wayar fozitib. Wannan ƙwan ya ceci mosfet da yawa a hannuna. Idan komai lafiya, zai yi ja-ja kaɗan ko ma ya ƙi kamawa, ka ji taransifoma tana ɗan kuka a hankali. Idan ya haska fes, akwai matsala, kuma shi ya shanye dukan maimakon kayanka. Sai ya nuna lafiya sannan ka cire shi, ka sa fis, ka auna abin da inbatar ke ja ba tare da kaya ba. Ga taransifomar amfiya 5, ina son in ga ƙasa da amfiya 1. Kuma duk hanyar da babbar wuta ke bi kada ta ratsa allon gwaji mai ramuka, don ƙarafunansa ba su wuce ɗaukar amfiya 1 ba. Waya mai 2.5mm² da dalma mai kyau, ita ce ta dace da amfiya 10.

Fis ɗin kuwa ba ado ba ne. Ka sa shi a kan wayar fozitib, dab da kan batir, ba can kusa da allo ba, don wayar yake karewa. Batirin dalma, ko ƙarami ne, idan aka haɗa masa kai yana zubo amfiya fiye da ɗari, waya ta yi ja, robarta ta kama wuta kafin ka kai hannu. Don wat 60, fis na amfiya 10 ya yi. Shi ne kuma zai cece ka ranar da ka juya batir bisa kuskure, saboda a cikin kowane mosfet akwai dayod da ke barin wuta ta wuce idan aka juya. Cire zobe da agogon ƙarfe kafin ka taɓa kan batir.

Idan ka auna abin da ke fita, kada lambar ta ruɗe ka. Mita mai sauƙi an saita ta ne don lallausar wuta, idan ta gamu da mai kusurwa tana ƙara kashi 11 cikin 100 a kan gaskiya. Ta nuna 240, ainihin kuwa wajen 216 ne. Sai mai rubutun True RMS ke faɗin daidai. Sannan za ka ga bolt yana sauka da zarar ka ɗora kaya, wataƙila zuwa 200 ko ƙasa. Ba laifinka ba ne. An naɗa taransifomar ne don sauko da wuta, kai kuma ka juya ta, kuma babu wani sashe a zanen da ke kallon abin da ke fita ya gyara. Batir ya sauka, ita ma ta sauka.

Fanka da firji fa? Firji, a'a, ka cire shi daga ranka da wannan zane. Injinsa yana fizgar ninki da yawa na abin da aka rubuta masa a lokacin tashi, kuma idan bai samu ba yana tsayawa yana zafi. Fanka ƙarama tana iya juyawa idan taransifomar ta kai, sai dai za ka ji tana kuka, ta fi zafi, ba ta kuma kai gudunta. Dalili shi ne siffar wutar. Ta layi tana hawa a hankali har bolt 325 ta sauko a hankali, matsakaicin ƙarfinta ne ake kira 230. Taka tana tsalle kai tsaye daga sama zuwa ƙasa, kuma a cikin wannan tsallen akwai wasu bugu da ke ɓoye: na 150Hz mai kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin asalin, na 250Hz mai kashi ɗaya cikin biyar, haka har sama. Injin fanka ba ya juyawa da su, zafi da ƙara kawai yake mayar da su. Ƙwai mai zare ba ruwansa da siffa. Cajar waya da ta kwamfuta masu rubutun 100–240V yawanci suna aiki, don suna fara mayar da wutar DC ne kafin komai. Waɗanda za ka yi hattara da su su ne ƙwayayen LED marasa inganci da fitilun caji da ke rage wuta da kafasita kawai. Kaifin tsallen yana ratsa kafasitar da ƙarfi ya ƙone abin da ke bayanta.

Maganar awa nawa: bolt 12 sau 7Ah (Ah shi ne amfiya sau awa) ya ba da 84, wato wat 84 na awa ɗaya a takarda. Amma batirin dalma idan kana son ya yi shekaru, rabinsa kawai za ka riƙa ci, saura 42. Cire asarar inbata, saura kamar 34. Ƙwan wat 40 zai yi minti 50, caja mai wat 10 ta yi awa uku, ƙasa da haka ma idan inbatar na shan da yawa a zaune. Kuma 7Ah ɗin an auna shi ne da jan hankali na awa 20, wato amfiya 0.35, idan ka ja da ƙarfi abin da zai bayar ya ragu. Cikakken batir da ya huta yana nuna 12.6 zuwa 12.8, idan ya sauka wajen 12.1 ya kai rabi, kuma kada ka bari ya faɗi ƙasa da 10.5 yana ɗauke da kaya. Zanenka ba shi da abin da zai kashe kansa idan an kai nan, kai ne za ka sa ido. Batirin mota an yi shi don ya ba da babbar wuta na 'yan daƙiƙu, ba don a riƙa zuƙe shi ba, yana saurin mutuwa a wannan aiki. Idan kana caja, a wuri mai iska, don yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta. Batirin lithiyam kuwa kada ka haɗa shi ba tare da allon kariyarsa ba.

A nan zan faɗa maka ra'ayina tsakani da Allah. Idan bukatarka haske ce da cajin waya, inbata doguwar hanya ce. Ka ɗaga bolt 12 zuwa 230, caja ta sake sauko da shi zuwa 5, kowane mataki da asararsa. Ƙwan LED na bolt 12 da cajar mota kai tsaye daga batir za su ba ka lokaci fiye da haka nesa ba kusa ba. Amma idan koyo kake, to ka haɗa ta, don a cikin wannan ɗan zane akwai rabin ilimin wannan fanni.

Abin da ba zan yi maka sassauci a kai ba shi ne gefen bolt 230. Na sha jin masu koyo suna cewa ai daga ɗan batir ta fito. Jiki bai san daga ina ta fito ba. Amfiya 0.03 kacal ita ce iyakar da ake saita na'urorin kare rai su yanke wuta a kanta, inbatar wat 20 kuwa tana iya ba da kusan ninki uku na wannan. Rufe bakin wayoyin fita tun kafin ka kunna, ka kai su soket na gaske, ka sa komai a akwatin roba mai ramukan iska. Cire batir kafin ka taɓa kowane abu, kuma kada ka yi gwaji kai kaɗai a ɗaki ko da jiƙaƙƙen hannu. Kada kuma ka taɓa soka abin da ta fitar a soket ɗin bango don ka ba wa gida wuta. Ranar da wutar layi ta dawo inbatar za ta tarwatse, kafin nan kuma kana tura wuta kan wayar da wani ma'aikaci yake riƙe da ita yana zaton a mace take.

Idan wannan ta yi maka aiki har ka saba, mataki na gaba shi ne aisi SG3525. Yana barin hutu tsakanin mosfet biyu wanda kai za ka saita, yana tashi a hankali, yana da ƙafar kashewa da za ka haɗa da mai gadin batir, kuma yana iya kallon abin da ke fita ya daidaita. Inbatocin zamani marasa nauyi wata hanya suke bi: suna kaɗa wuta sau dubbai a daƙiƙa ta cikin 'yar ƙaramar taransifoma, su tara DC na bolt 350 zuwa 400, sannan mosfet huɗu su sassaƙa lallausar wuta daga ciki, da aisi irin EG8010. Wannan ka bar shi sai hannunka ya faɗa, don kafasitocinsa suna riƙe wutar da ke kisa ko bayan an cire batir.

Yanzu dai nemo taransifoma 12-0-12 mai amfiya 5, sababbin mosfet biyu, sabon aisi, fis na amfiya 10 da ƙwan motar nan. Bi matakan da na jera maka, sannan ka turo mini lambobi huɗu: abin da ƙafa ta 10 da ta 11 suka nuna, yawan bugun, amfiyar da take ja ba kaya, da bolt ɗin da ya fita bayan ka ɗora ƙwai mai zare na wat 40 na minti biyar. Ka faɗa mini kuma wanne ya fi ɗumi bayan ka cire batir ka taɓa, mosfet ko taransifoma.